Layi goma sha ɗaya na Dogo

Litinin, 9 ga Yuni
Sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon gwajin jini, ta sake faɗuwa, karo na uku a wata ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙaramin kanel ɗin ceto da muka ajiye a gefen babban kanel, wato tushen manhajar da ke tafiyar da na'urar. Aikinsa ɗaya: in babban ya mutu, ya farka ya kwashe abin da ke ƙwaƙwalwar na'urar, mu ga abin da ya kashe shi. Ya farka, ya rubuta layi huɗu, ya sandare. Me yake jira?

Oga ya ɗora laifin kan Dogo, tunda shi ke kula da sabar. "Zuwa Juma'a in babu hujjar cewa ba laifinsa ba ne, ya tattara nasa ya nasa." Dama ni da Dogo ba ma ga maciji. Mutum ya yi ta cika manhaja da tarkace.

Talata, 10 ga Yuni
Na kashe na'urar gwaji da gangan sau tara. Sau tara na ceto ya tashi lafiya lau, kamar yana mini dariya.

Laraba, 11 ga Yuni
Na manta da abincin rana, don na kamo bakin zaren. Akwai wani ɗan guntu a cikin na'urar da muke ce wa Maigadi. Duk abin da ke son magana da ƙwaƙwalwa, agogo ne ko faifai, ta wurinsa yake bi. In ya shigar da kira ɗaya sai ya tare na baya, har a ce masa an gama. To, in kanel ya mutu a tsakiyar amsa kira fa? Babu wanda ya ce an gama. Na ceto ya tashi yana jiran bugun agogo, Maigadi kuwa ya kafe a ƙofa yana yi wa mamaci biyayya. Wallahi abin ya burge ni, har na yi dariya ni kaɗai.

Shi ya sa gwajina ke wucewa: ni ina kashe shi ne yana zaune ba ya amsa kowa.

Amma ta yaya ba a taɓa rubuta abin da zai sallami Maigadi ba?

Alhamis, 12 ga Yuni
An rubuta. Na duba tarihin gyare-gyare. Layi goma sha ɗaya na manhaja, rubutun Dogo, masu goge duk kiran da ya maƙale kafin na ceto ya fara aiki. An cire su a watan Fabrairu. Wadda ta cire har da bayani: "Shara, gwaji na wucewa ko babu su."

Ni ce.

Kunya ta kama ni. Zan iya mayar da su shiru, babu mai sani. Da na koma gida Mama ta ce, "Ke kuma yau wa ya taɓa ki?" Na ce aiki ne.

Juma'a, 13 ga Yuni
Na mayar da layukan, na sa tsohon katin faifan sabar a na'urar gwaji, na matsa masa da aiki har ta faɗi. Na ceto ya tashi, ya kwashe komai tsaf. Katin ne ke da lahani tun daga masana'anta.

Na faɗa wa Oga duka, har da Fabrairu, a gaban Dogo. Oga ya ce zai sa mini takardar gargaɗi a fayil. Dogo ya dube ni ya ce, "Injiniya, dama na ga kin cire. Na ji tsoron bakinki ne."

Wannan ta fi takardar zafi.

Litinin, 16 ga Yuni
Na ci karo da wasu layuka shida nasa da ban ga amfaninsu ba. Har na ɗora yatsa kan maɓallin gogewa. Sai na ja kujera zuwa teburinsa, don kawai fankar wajensa ta fi sanyi. Ya yi minti arba'in yana bayani. Surutunsa na nan yadda yake.

Layukan ma suna nan.