Tayoyin da Ba a Ɗaura Ba

Zuwa ga 'yata Solfrid,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ruwan Bergen? Mu nan dusar ƙanƙara ta fara rufe kan tsauni.

Ƙarar yayanki Eilif na kawo miki. Kin san kullum da hantsi nake gangarawa kwari wurin mahaifiyarku a gidan kula da tsofaffi, kin kuma san gangaren nan namu in ya daskare. Motar lantarkin nan nauyi gare ta kamar tarakta, in ta ɗauki santsi ba mai tsayar da ita. Na ce wa Eilif taya mai ƙusoshin kama ƙanƙara nake so, siririya, don kada ta shanye batir. Ya ce in bar masa komai.

Tun daga nan sai kwana-kwana. Yau wai masu ƙusoshi ƙara gare su, gobe wai ba a samu daidai motar ba. Eilif fa, wanda ko iska bai taɓa sa wa taya ba! Raina bai kwanta ba. Ina jin motar yake hari. Ki bugi cikinsa, amma kada ki ce ni na sa ki.

Mahaifinki,
Halvard

'Yata Solfrid,

Ina gaishe ki. Da fatan tarin ƙaramar ya yi sauƙi.

Hanya ta daskare, motata tana rumfa da tayoyin rani. Shekaranjiya na bi motar madara na sauka, na biya garejin Bjarte mai ajiye mana tayoyi. Me zan gani? Tayoyina sababbi dal a kan kanta, ƙusoshi na ƙyalli, an rubuta sunana da alli. Bjarte ya hau sosa ƙeya.

"Halvard, don Allah kada ka sa ni tsakiya. Cewa aka yi kada in ɗaura."

Na ce Eilif ko?

"Wane Eilif! Shi ya kawo su ma. Daga Bergen aka bugo waya."

Ashe ƙarar ɓarawo na kai wa mai sayen kayan sata. Na san shingen maƙwabcin nan da na goga da motar lokacin rani ne ya tsorata ki, shingen da dama a karkace yake. Ba zan ce ba ki sona ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ba ki faɗa mini ido da ido ba.

Ba zan yi faɗa ba, motar ta zauna. Sai dai mahaifiyarku ta manta sunana, ta manta naki, farar motar nan kaɗai take ganewa. Da na shiga a ƙasa ko kallona ba ta yi ba, idonta na kan taga. Ma'aikaciyar ta ce haka take wuni.

Ki zo da kanki ki gaya mata motar ba za ta zo ba. Ni na kasa.

Mahaifinki,
Halvard