Tabarau Mai Mesa da Layar Sale

Alhamis da dare, Gwaram

Bakina ya ja mini. Tabarau mai mesa ɗin nan da na samo wajen wani ma'aikacin mai a Fatakwal, na cika kasuwa da cewa mai shi zai yi numfashi a ƙarƙashin ruwa kamar kifi. Sale masunci, mijin ƙanwata, ya ara. Gobe zai nutsa gurbin kogi ya ciro tarunsa da ya maƙale. Mesar kamu ɗaya ce, gurbin kuwa ya shanye tsayin mutum biyu.

Na yi dabara, na ce, "Sale, kayan Bature ba ya shiri da laya. Zaɓi ɗaya."

Na tabbata layar ubansa zai zaɓa. Sai ya kwance ta ya miƙo mini.

"Yaya, riƙe mini zuwa gobe."

Ga ta nan ƙarƙashin matashina. Dole in riga shi isa bakin kogi.