Tsohuwata Ta Daina Kurɓa Mini Kunu

Malama Dije, ki taimaki tsoho, yunwa na neman kashe ni a gidana alhali kullum ana ɗora tukunya.

Shekarar da aka sake buɗe mashigin ruwan Suwes muka sauka Alƙahira, ni da mai ɗakina Naomi. Maigidana muka biyo, Mista Maikano, da aka yi masa canjin aiki zuwa ofishin jakadanci. Ni direbansa ne tun ana tuƙi a hannun hagu a gida. Ban yi boko ba, ban kuma yi da-na-sani ba, don abin da na riƙe a ka ya fi na cikin fayil ɗinsu. Malam Hadi mai tafireta ne ke buga mini wannan, ga shi yana ta yamutsa fuska don akwai giya a labarin. Na ce ya buga yadda na faɗa.

Shekara uku ina kai manya ƙofar wani babban otel a bakin Nilu, ina jira a mota ina ɓarar gyaɗa. Naomi kuwa duk ranar da ta ga matar maigida ta ci ado an fita da ita, sai ta yi ajiyar zuciyar da har gareji nake ji. Da muka cika shekara talatin da biyar da aure, maigida ya ce ya ɗauki nauyi, mu je otel ɗin mu ci abincin yamma mu biyu, har da kwalbar giyar inabi, tunda mu Kirista ne, fastonmu kuma yana can Najeriya. Kwana uku Naomi ta yi tana gwada ɗaurin ɗankwali.

Aka zaunar da mu jikin taga, ga kyandir, ga mai kiɗan fiyano, ga cokula sun fi yatsuna yawa. Garson, wato mai kawo abinci, ya zo da kwalba a naɗe cikin tawul kamar jariri, ya nuna mini. Na ce na gani, kwalba ce. Ya buɗe, ya ɗiga mini abin da bai kai cokali biyu ba a tambulan, ya koma ya ƙame yana kallona. Naomi ta raɗa mini wai in kurɓa in ce tamam, wato ya yi daidai, sannan ya zuba mana. Matar maigida ce ta koya mata.

To, a nan nake so ki saurara da kyau. A garinmu wanda ya kawo abin sha shi ke fara kurɓa. Mai burukutu ba ta miƙa maka ƙoƙo sai ta kai shi bakinta. Shekarar fara, wadda ta cinye mana gero tun yana tsaye, baffana Sada ya je gayya, aka miƙa masa ƙoƙo ba a kurɓa ba, kunya ta sa ya sha. Bayan kwana biyu aka binne shi. Masu gardama suna cewa maciji ne ya sare shi a hanya. E, maciji ya sare shi, amma me ya sa ya bi wannan hanyar? Ni ina wurin. Tun ranar ban ƙara shan abin da wani ya zuba mini bai kurɓa ba. Ko ofis da fulas ɗina nake zuwa. A gida kuwa, kunu ne, fura ce, miya ce, Naomi ke fara kai wa baki sannan ta miƙo.

Don haka na tura wa garson tambulan cikin mutunci, na ce ya fara. Ya ce shi Musulmi ne, bai taɓa sha ba, aiki ma ya hana. Kin ji fa, mutum yana raba abin da bai san ɗanɗanonsa ba! Ya kira manaja. Manaja ya yi ta ma'alish, wato ban haƙurinsu, ya ce a ɗauke wannan a buɗe mini wata. Na ce in ba komai a cikinta, me ya sa yake saurin ɓoye ta? Ya ce a gabana aka buɗe. Na ce a gabana aka cika ta? Mai fiyano ya tsaya. Wasu Turawa a teburin kusa suka juyo da kujeru. Naomi tana ta taka mini ƙafa, na ɗauka takalmin ne ya matse ta.

Sai ta miƙo hannu ta ɗauki tambulan ɗin, ta ce, "Shekara talatin da biyar ina sha maka, yau ma kawo." Ta shanye, ta ce wa garson tamam.

Malama, nan take na miƙe tsaye. Na sa a kawo madara maza, don ita ce makarin guba, ta ƙi sha. Na ce ta fito da harshe, ta ƙi. Na jawo kyandir in duba ƙwayar idonta, saura kaɗan ɗankwalin ya kama. Kifin da aka kawo ban taɓa ba. Ta cinye nata, ta cinye nawa, ta ƙara tambulan biyu, muka koma gida. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same ta. Amma wannan sa'a ce kawai.

Yau kwana goma sha biyu. Kullum sai ta dire mini kunu ba ta kurɓa ba, ta ce khalas, wato shi ke nan, ta wuce. Ni kuma ba zan karya abin da na riƙe tun shekarar fara ba. Dafaffen ƙwai nake ci safe da yamma, don shi ba mai shiga cikinsa. Na huda sabon rami a bel ɗina. Shekaranjiya ta sauko da akwati, wai bayan Kirsimeti za ta tafi Zariya wurin ƙanwarta Husaina, ba ta kuma faɗi ranar dawowa ba. Ni na san fushinta na kunyar Turawan nan ne. Ki gaya mata a jarida cewa gaskiya tawa ce, Malam Hadi zai karanta mata.

Gobe da safe, in na sauke maigida, zan je otel ɗin da ƙoƙona in koya wa manaja yadda ake miƙa abin sha, ya rubuta takarda ya sa hannu cewa ni ke da gaskiya, in kawo mata.

Tsohon Direba, Alƙahira.

Amsa:

Baba, wasiƙarka ta yi mako uku a hanya, don haka na san ka riga ka je wurin manaja. Allah ya ba shi haƙuri. In ya ba ka takardar, kada ka nuna wa Mama Naomi.

Al'adarku ba ta wofi ba ce. Mutanen da suka kafa ta sun ga abin da suka gani, kuma mutuwar baffanka ta zauna maka a rai tun kana yaro. Ita ma Mama, barin tsoho kan dafaffen ƙwai kwana goma sha biyu ya yi tsanani. Amma kwalbar da aka toshe tun daga masana'anta ba ta da bambanci da ƙwan da ka yarda da shi, kuma garson aikinsa ya yi. Maganar giya kuwa, ni ba na sha, ba zan ce ka sha ba. Wannan tsakaninka da fastonka.

Kuskurenka shi ne dalilin fushin. Ba Turawa ba ne. Ta faɗa maka da bakinta a kan teburin, kai ma ka maimaita mini ba ka ji ba. In da gaske ka yarda akwai mutuwa a cikin ƙoƙo, to shekara talatin da biyar ita kake turawa gaba. Rana ɗaya tak aka kai ta inda miji ke kurɓa wa matarsa, ka nemi baƙo ya yi maka.

Abin da ya cece ka a wurina shi ne madarar nan da kyandir. Tsoro ne ya kama ka, don ba ka iya zama ba ita. Ita kuwa abin da ta gani tsoho ne yana neman ƙona mata ɗankwali. Ka gaya mata ka tsorata. Ba sai an buga a tafireta ba.

Sannan ka riga ta tashi, ka dama kunu da hannunka ko zai yi gudaji, ka kurɓa a gabanta, ka miƙa mata. Ka yi haka kullum har ta mayar da akwati. In ta huce, ka roƙi maigida wata yamma ku koma, ko lemon mangwaro ne, ka sha ka ce tamam kafin kowa ya yi magana.

Ka gaishe mini da Mama Naomi. Allah ya ƙara muku shekaru tare, ya kuma raba ka da ƙwai.

Dije.