Kwazazzabon da Ke Matsowa Maƙabarta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in gaya miki abin da na kasa gaya wa Yaya Rabi. Kwazazzabon nan na gabas da gari yana matsowa maƙabarta, kuma layinku zai fara tararwa.

Kin sha yi mini tsiya cewa, "Lissafinku na boko bai taɓa auna mini ko mudun gero ba." Shi ya sa bana na fitar da 'yan aji biyar daga aji, na ba su tambaya guda: yaushe kwazazzabon zai kai shingen maƙabarta? Wallahi don yana kusa da makaranta na zaɓe shi, ban kawo komai a raina ba.

Muka kafa turaku, taku biyar-biyar, daga bakin ramin har shingen. Duk bayan ruwa mai ƙarfi sai mu je mu ga abin da ya ci. Yaran suka ɗauka kowane ruwa daidai yake ci, suka lissafa, suka ce sai nan da damina huɗu. Har na sa aka tafa musu.

Sai Hauwa'u, wata yarinya da ba ta cika magana ba, ta kawo littafinta. Ta jera cin kowane ruwa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na biyu ya fi na farko, na uku ya fi na biyu. Amsarta ita ce baɗi, kafin girbi.

Sau uku na bi lissafinta ina neman kuskure. Tun da na fara koyarwa ban taɓa fatan ɗalibi ya faɗi ba sai ranar.

Na kai wa dagaci maganar. Ya ce ramin ya girme ni, kuma wannan lissafin yara ne. Muka jera buhunan yashi a bakin ramin, ruwan Laraba ya tafi da su, har da turke na huɗu.

Ni na shiga kabarin na karɓe ki, Inna, na san wurin, dab da aduwar nan. Tsoro nake ji. Gobe bayan azahar zan tsaya wurin Liman in tambaye shi ko ya halatta ɗa ya tono mahaifiyarsa ya sake mata makwanci.

Allah Ya jiƙan ki, ke da maƙwabtanki na wannan layi, Ya riƙe ƙasar da kuke ciki.

Autanki,
Sani