Wuyan Malam

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Za ki yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara bakwai. Da na kira ki a waya, to muryar ta ƙi. Kalma uku nake yi in tsaya neman numfashi.

Watana biyu a kwance a asibitinmu na da, gado na huɗu, kusa da taga. Ciwon da ya kashe min ƙafafu ya hau ƙirji. Ranar Laraba za a huda min maƙogwaro a sa bututu, a haɗa ni da inji. Likitan ɗakin bai san ni ba. Yana so ya yi da allura da siririyar waya a nan kan gado, hanyar da kika kawo mana, wadda na ce miki a gaban taron likitoci huda ce a makance, ba tiyata ba.

Kin san wuyana, gajere ne, ga maƙoƙo. Na rubuta masa haka a takarda. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, aikin minti goma ne." Ni so nake a yanka a buɗe, a ga abin da ake taɓawa. Cikin duk waɗanda na koyar, ke kaɗai na san inda kike.

Ki huta lafiya,
Malaminki

Ranka ya daɗe Malam,

Ina gaisuwa, da fatan an ji sauƙi. A tsaye na karanta wasiƙarka, bakin famfon wanke hannu. Wata biyu, ba wanda ya gaya min? Ina yaranka?

Na sa an turo min hoton wuyanka. Akwai babbar jijiyar jini da ta gitta ƙarƙashin maƙoƙon, daidai inda allurar za ta shiga. Na kira likitan na nuna masa. Ya duba, daga baya ya yarda. Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Cikin mutum goma, tara allurar ta fi musu: ba a ɗaga su daga gado, jinin kaɗan ne, tabon ƙarami. Kai ne na goman, kamar yadda ka saba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, rabona da yi a buɗe shekara huɗu ke nan. Akwai likitan tiyata a nan wurinku da ya fi ni hannu yanzu. Idan duk da haka ni kake so, Talata ina hanya.

Allah ya ba da lafiya,
Ɗalibarka

Auta,

Na gode, Allah ya yi albarka. Yaran suna nesa. Babbar takan kira, ta yi ta magana ina saurare, in ta gaji da shiruna ta yi sallama. Gidan kuwa a kulle yake tun rasuwar uwarsu.

Jiya an yi wa na gado na biyar da allura. Na sa nas ta ɗan ja min labule na kalla. Hannun likitan yana da tsabta, audugar da ya ɓata ba ta kai uku ba. Na daɗe ina kallon silin bayan sun tafi.

Ke nake so. Sun ce bayan aikin ba lallai in sake magana ba, don haka ki iso da wuri. Akwai abin da nake so ki ji da bakina.

Malaminki

Malam,

Na bar wannan a kan durowarka, domin maganin barci bai sake ka ba, ni kuma marasa lafiya na jirana gobe da safe.

Aikin ya yi kyau. A yankan farko sai da na tsaya na gyara riƙon wuƙar, nas ta gani ta kau da kai. Na raba naman a hankali, na ga jijiyar kwance tana bugawa, na kauce mata. Likitan ɗakin ne ya riƙe min fitila, kuma ya yi tambayoyi masu kyau.

Ranar Talata ka riƙe hannuna ka ce, "Auta, ranar taron nan, ni..." sai tari ya sarƙe ka, aka sa maka iska, aka ce in fita. Na tsaya a baranda har dare ya yi. Ba sai ka ƙarasa ba.

Ɗalibarka

Auta,

Gaisuwa. Na karɓi madubi wurin nas na duba. Yankan ya ɗan karkata hagu, amma ɗinkin ba laifi. Ina numfashi, ina barci. An ba ni allo da alli, sai dai kowa sauri yake yi, ba mai tsayawa in gama rubutu.

An sallami na gado na biyar yau, matarsa ta zo ta tafi da shi.

Ziyara ranar Lahadi ce, ƙarfe huɗu zuwa shida. Na san akwai nisa.

Malaminki