Kwana Goma Sha Tara Dutsen Bai Yi Shiru Ba

Zuwa ga yayata Mbak Ngatini,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin gaggawa nake.

Kin san tsohuwar kwamfutar ofishinmu na sa-kai, mai karɓar labarin girgizar dutsen nan mai aman wuta ta wayar nan mai allura tara da ke bayanta. Kwana goma sha tara layin allonta mai nuna girgiza yana kwance sumul. Kullum ni nake rubuta "lafiya lau" a ƙofa. Har walimar godiya aka yi da shinkafa mai kurkur, na ci faranti biyu ba kunya.

Yau da safe ƙasa ta motsa har shayina ya zube, amma layin ko gezau. Na duba, ashe ƴar manhajar da ke sauraron wayar, wadda muke kira direba, ta lalace tun ranar da aka ɗauke wutar lantarki, kwana goma sha tara ke nan. Na goge ta, na tono tsohon faifanta a akwati, na sake sakawa. Kwamfutar na tashi, allon ya cika da tsalle-tsalle baƙi ƙirin. Innalillahi! Mbak, sai da na zauna a ƙasa.

Na hau babur zuwa kwazazzabon da ake haƙar yashi a jikin dutsen, na ce su sauko. Mutum bakwai sun biyo ni, sauran sun ƙi, kuma mijinki Mas Darmaji ne a gabansu. Dariya ya yi mini, ya ce, "Kai Tukiran, dutse na barcinsa ka je ka taɓa inji. Mayar da shi yadda yake mana!" Na rantse, na yi kuka a gaban maza. Ya ce jiya ma rantsuwar na yi masa cewa ba komai.

Gaskiya ya faɗa. Jiya da zai hau dutsen sai da ya tsaya ya tambaye ni, ni na ce ya tafi.

Zan ba direban motar da ke zuwa garinku Solo wannan takarda. Ki bar wa maƙwabta yara, ki biyo motar da za ta dawo. Maganata ta daina aiki a wurinsa, taki ce kawai ta rage. Toka ta fara sauka a kan takardar nan.

Ƙaninki mai neman gafararki,
Tukiran