Kujerun Gidan Auta Sun Ƙara Tsawo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki?

Ina cikin wani hali. Tun da na zame a banɗaki 'yata Malama ta tasa ni gaba, ta kai ni asibiti kamar ɗan ajinta. Likita ya ce kansar hanjin nan ba ta dawo ba, alhamdu lillahi. Amma wai wanda ya taɓa yin ta, ya sha wancan magani mai zafi, ƙarfinsa kan riga na tsararsa tafiya. Sai ya ce in tashi daga kujera ban dafa komai ba. Yaya, na yunƙura, na yi nishi, kujera ta ƙi sakina. Ni kafinta guda, kujera!

Yanzu Malama ta ce za ta zo ƙarshen wata ta sake gwada ni a gida. In na kasa, in rufe shago in koma benenta, inda ko ƙusa ba a bari a buga. In aka raba ni da zarto da ƙamshin katako ai an gama da ni. Amma na samo dabara, kar ki tambaya.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi, kai ne dai babu sauƙi.

Dabararka na gan ta ranar da na leƙo ka. Na zauna a falonka ƙafafuna suna lilo kamar na 'yar yaye. Da ka shiga dafa shayi na duƙa na duba, ashe kowace kujera ka ƙara mata dunduniyar katako don tashi ya yi maka sauƙi, har da fenti kar a gane. Da zan sauko sai da na yi addu'a.

Na girme ka nesa ba kusa ba, kuma har yau ina hawa matakala ban huta ba. Ba jarumta na fi ka ba, jikina ne bai sha abin da naka ya sha ba. Ni na riƙe maka roba kana amai a wancan lokacin, ba ni za ka yi wa cika baki ba. Ba zan tona ka ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi ƙarya ba.

Allah Ya shirye ka.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa.

Malama ta zo. Ta zauna, ƙafarta na lilo. Ta ce, "Bismilla, Baba." Na miƙe zumbur kamar soja, har na sara mata. Ta yi dariya har da hawaye. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko kujerar marigayiya mahaifiyarta, ita kaɗai ce na kasa sa wa guduma. Ta ce, "To wannan fa, Baba?"

Na zauna. Ban tashi ba. Ita ma ta zauna a ƙasa kusa da ni. Na ce mata tsoro nake ji, na ci ciwon kansa da yaƙi ga shi kujera ta kayar da ni.

Hukuncinta shi ne in zauna a gidana, amma sai da wani a tare da ni, mai sa ni cin abinci da motsa jiki. Yaya, wa zai iya zama da ni? Na fara haɗa kayan aikina a akwati.

Naki,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ka maida zarto inda ka ɗauko shi, ka share ɗakin baya, ina tafe da kayana.

Ka cire wa kujera guda dunduniya, ni gajeriya ce, ba zan tsufa ina lilo ba. Ta matarka kuwa ka ajiye ta a tsakiyar falo. Kullum da safe a kanta za ka zauna, ina tsaye a kanka, har ranar da za ta sake ka.

Sai na iso.
Yayarka